Waƙar Sabulu da Muryar da Na Goge

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan manta da ranar da na goge muryar wata mata da ban taɓa gani ba, da hannuna, ina murmushi, ina ganin alheri nake yi wa mijinta. Shekaru sun ja tun da abin ya faru, shagon ma an rushe shi an gina kantin magani a wurin. Amma har yau idan na ji an danna maɓallin rikoda ya ce ƙas, sai gabana ya faɗi.

Sana'ata a Garuwa ita ce kaset. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga Kano, mahaifina ya gaji rumfar atamfa a kasuwa, ni kuwa na kauce wa layin gida na buɗe abin da mutanen garin ke kira diskotek, wato ɗan shago da rikoda mai baki biyu inda ake kwafa wa mutane waƙa. Na fara ina saurayi, na tsufa a ciki. Da zamanin kaset ya mutu sai na sayi tsohuwar kwamfuta ina tura wa 'yan moto, wato 'yan acaba, waƙa a memori, amma rikodata ban jefar ba, tana nan kan tebur ina share mata ƙura kowace safiya. Abin da nake taƙama da shi kuwa shi ne kunne. Kiɗa ya wuce sau ɗaya, zan gaya maka inda mai kalangu ya makara. Bakina ma ba ya da linzami, wannan kowa ya shaida.

Akwai wata mawaƙiya 'yar garinmu, ba zan faɗi sunanta ba, wadda muka girma da muryarta muka kuma tsufa da ita. Ta fara da garaya da ƙwarya a gidajen biki, tana waƙa da Fillanci tana ratsa Hausa. Daga baya ta tafi kudu ta dawo da jita da fiyano, har da ɗan Faransanci a amshi. Can gaba kuma yaran kwamfuta suka kama ta suka matse mata murya har ba ka gane ta. Shekara talatin da ɗoriya tana sakin waƙa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna bin ta da gardama.

Majalisarmu ranar Lahadi take zama bayan la'asar, a kan benci biyu a ƙofar shagona. Bayan ƙyauren shagon mun shafe shi da baƙin fenti ya zama allo, kuma wani tsohon malamin makaranta da muke kira Metir shi ke riƙe da alli. Aikinmu ɗaya ne, jera waƙoƙin matar nan daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Dokar ita ce duk wanda yake son a ɗaga wata waƙa sai ya kare ta, a sa ta kowa ya ji, sannan a ɗaga hannu. Mun rabu gida biyu, 'yan garaya da 'yan fiyano. Ni ne uban 'yan garaya, kuma a wurina babu kamar waƙar jirgin ƙasa, wadda mace ke jiran mijinta a tashar Ngawundere har fasinjan ƙarshe ya sauka. Abokin hamayyata wani tela ne maƙwabcina, wanda ya rantse waƙar gadar Binuwai ta fi ta, don a cewarsa a nan ne muryarta ta cika. Mun shekara ashirin muna wannan jayayya, har gaisuwa mun taɓa yankewa mako biyu a kanta. Akwai kuma waƙar da ta yi a wani lokacin zaɓe, wadda Metir bai taɓa yarda ya rubuta a allon ba. Kowa ya san dalili, ba wanda ya taɓa faɗa.

Abu ɗaya ne kawai ya haɗa kanmu, shi ne waƙar sabulu. Wani kamfani ne ya sa ta yi masa talla, tallan ya karɓu, sai ta ja shi ya zama cikakkiyar waƙa. Amshi ɗaya ake ta maimaitawa, kiɗan kuma kamar ana dukan bokiti. Tun ranar da aka fara rubuta allon nan tana can ƙasa kusa da sakata, ba ta taɓa motsawa ba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Kan iyaka ya rikice, mutane suka dinga gangarowa daga arewa da ƙunshin kaya a ka, wasu ma babu ƙunshin. A cikinsu akwai wani dogon mutum daga Kolofata, direban wata tsohuwar motar ɗaukar albasa, ya kama ɗaki a gidan da telan nan yake haya. Tela ne ya fara janyo shi majalisa don kada ya zauna shi kaɗai. Yakan zauna a ƙarshen benci, ya karɓi shayi ya ce useko, wato na gode da Fillanci, shi ke nan. Muna ta ihu a kan garaya da fiyano, shi yana kallon ƙasa. Mun san daga inda ya fito, saboda haka ba wanda ya tambaye shi abin da ya baro. Mu muna kiran wannan kara. Yanzu da nake tunani, har da tsoron jin amsar a ciki.

Wata rana labari ya zo cewa mawaƙiyar ta ajiye waƙa, maƙogwaronta ya ƙi. Abin ya taɓa mu ƙwarai. Metir ya ce tunda babu wata sabuwa da za ta ƙara fitowa, lokaci ya yi da za a yi jeri na ƙarshe, a rubuta shi da farin fenti ba da alli ba. Don haka kowa sai ya faɗi tasa, babu mai yin shiru. Aka zagayo har kan baƙonmu.

"Malam, kai fa?" in ji Metir. "Wacce ce nimero ɗaya a wurinka?"

Ya ɗago kai ya ce, "Ta sabulu."

Dariya ta ɓarke har mai shayi ya leƙo. Ni ne na fi kowa, kuma ban tsaya a dariyar ba. Na miƙe na yi masa lacca kamar ina gaban ɗalibai. Na lissafa masa waƙoƙin garaya ɗaya bayan ɗaya, na ce ko tela da kunnensa ya toshe da ƙarar keke bai taɓa faɗin irin wannan ba. Na ce wanda duk ya ɗora tallan sabulu a kan waƙar jirgin ƙasa, warin albasa ya gama da shi. Hannu ya sa a aljihun ƙirjinsa ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya warware a hankali. Kaset ne, tsoho, takardar jikinsa ta yi ja.

Ya ce tunda doka ce a saurara kafin a ɗaga hannu, to a saurara. Na ce masa ya adana abinsa, ina da ita tas a kwamfuta. Ya girgiza kai ya ce tasa yake so a sa. Na karɓa ina yi wa tela ido, na jefa a rikoda.

Waƙar ta fara, dukan bokitin nan da muka sani. Ana cikin baiti na biyu sai aka ji ƙas, kiɗa ya ɗauke. Aka ji motsin ruwa, sai muryar mace tana magana kusa da rikoda, sai dariya. Abin bai fi a ja numfashi biyar ba. Ni na san irin wannan, na gani sau ba adadi: wani ya zo danna maɓallin tsayarwa ya danna ja, wato maɓallin ɗauka, ya ci wani yanki na waƙar. Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya a kan muryar matar na ce, "Kun ji ko? Kaset ɗin kansa ya gaji da ita!" Majalisa ta sake kwashewa da dariya. Kafin mu lafa kiɗan ya dawo. Cikin mu duka, mutum ɗaya ne ya ji abin da ta ce.

Can wajen ƙarshen waƙar sai sauti ya fara ja, ya lanƙwashe. Rikoda ta kama zare. Kafin in kai hannu, mutumin nan da ba ya ko motsi ya riga ni isa tebur. Na buɗe, zaren ya fito a cukurkuɗe ya naɗe a ƙarfen ciki. Na kalli fuskarsa na ga ta canja. Na ce masa ya kwantar da hankali, wannan aikina ne tun kafin a haifi rabin mutanen layin nan, ya bar shi zuwa gobe da rana. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan kaset ɗin. Sannan ya ce, "Patron," wato maigida, "zaren kawai za ka haɗa. Kada ka taɓa komai." Na ce to, kamar yadda nake ce wa kowa to.

Da na koma gida sai zuciyata ta dame ni. Baƙo ne, ya baro garinsu a halin da ya baro, karo na farko da ya buɗe baki a cikinmu na mai da shi abin dariya. Na ƙudurta zan wanke kaina.

Washegari da hantsi na zauna aikin. Na zare zaren a hankali, na yanke ɗan inda ya tauna da reza, na haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, na naɗe da biro. Inda ya lalace can ƙarshe ne, nesa da wurin muryar. Aikin da aka ba ni ya ƙare ke nan, lafiya lau. Da na miƙe a wannan lokacin na tafi shan shayi, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma sai na tsaya ina juya kaset ɗin a hannu, ina cewa a raina, bawan Allah yana son waƙar nan har haka, shekara da shekaru yana jin ta da rami a tsakiya, ni kuma ga ni da mai kyau. A saman kowane kaset akwai 'yan marafan roba guda biyu, idan aka ɓalle su jan maɓalli ba ya dannuwa, ba a iya ɗaukar komai a kai. Na duba na ga nasa a ɓalle suke, an ma ƙwaƙule wurin da wuƙa sosai. Ma'anar wannan a bayyane take, kuma babu wanda ya kai ni saninta a garin nan. Sai dai hannuna ya saba. Dubban kaset na rufe wa wannan rami da salatif don in ɗora sabuwar waƙa, har ya zama ba na ganinsa a matsayin hani. Na yago salatif na liƙe.

Na tura zaren gaba da sauri don in ga tsawon waƙar, muryar matar ta wuce ni a guje, ƙiƙi-ƙiƙi, ban tsaya ba. Kwamfuta tana kunne a gefena, wayar haɗawa tana rataye a ƙusa. Da na so in kwafe tsohon kafin in ɗora sabo, aikin minti biyar ne. Ban ga abin kwafa a ciki ba. Na mayar da zare farko, na daidaita sauti yadda zai fita da kyau, na danna ja. Har takarda sabuwa na liƙa masa, na rubuta sunan waƙar da kyakkyawan rubutu.

Bayan azahar ya zo. Layin shiru, kowa ya fake wa rana, tela kaɗai ke taka keke a shagonsa. Na tare shi da fara'a, na ba shi haƙurin jiya, na ce ya tsaya ya ji abin da na yi masa. Na danna. Waƙar ta fito garau, ko ni sai da na ji daɗin aikina. Ya tsaya ya sunkuyar da kai wajen lasifika. Da aka shiga baiti na biyu na ga ya rufe ido, ya riƙe numfashi. Waƙar ta zo wurin, ta wuce sumul, amshi ya ci gaba.

Ya buɗe ido ya ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake wucewa. Ya fitar da kaset ɗin da kansa ya juya ɗaya gefen, ya saurara, ya sake juyowa. Sai yatsansa ya taɓa salatif ɗin. Ya daɗe yana shafa shi.

"Ina take?" ya ce.

"Wa?"

"Mai ɗakina. Wanki take yi, ta zo ƙara sauti ta danna ja."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya yana kallon kaset ɗin, ni kuma ina kallon ƙafafunsa don na kasa kallon fuskarsa. Da na fara kame-kamen ba da haƙuri sai ya ɗaga hannu ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya san ba da mugunta na yi ba. Wallahi da mari ya kwaɗa mini da na fi samun sauƙi.

Sauran labarin a bakin tela na ji, shi ma ranar ya fara jinsa ɗungurungum. Mutumin yana kan hanya da lodin albasa aka shiga unguwarsu. Kafin ya dawo an riga an binne ta, gidan kuma ya ƙone da duk abin da ke ciki. Ba su da ɗa. Hoto ɗaya ta taɓa yarda aka ɗauke ta, na katin shaida, shi ma ya tafi a wutar. Kaset ɗin ya tsira ne don yana cikin mota. Ranar da ta yi ɓarnar ya yi mata faɗa sosai, shi ne ma ya ɓalle marafan don kada ta ƙara. Bayan rasuwarta kuwa wannan 'yar ɓarnar ita ce duk abin da ya rage masa. Kuma namiji a cikinmu ba ya zama a majalisa ya ce yana kewar matarsa. Abin da zai iya faɗa shi ne waƙar sabulu ce nimero ɗaya, kuma ya faɗa.

Babu abin da ban gwada ba. Na roƙe shi ya bar mini kaset ɗin kwana uku, ya bari, don yanzu babu abin da zan ƙara lalatawa. Na sa abin ji a kunne na ƙure sauti ina neman ko inuwar muryar a ƙarƙashin kiɗa. Na kai wa wani mai gyaran na'urori da ya yi aiki a gidan rediyo, ya saurara ya ce rikodata mai kyau ce, ta share tas. Rikodar da na yi shekaru ina yabo a gaban mutane ke nan.

Lahadi ta zagayo, Metir ya zo da gwangwanin farin fenti. Labari ya riga ya kai ga kowa. Ni na fara magana, na ce a rubuta waƙar sabulu a sama. Hannaye suka tashi, har na tela. Mutumin Kolofata kaɗai bai ɗaga ba.

"Kada ku sa ta don tausayi," ya ce. "Waƙar ba ta da daɗi, na sani. Ita ma takan ce ba ta da daɗi, tana dai tafiya daidai da hannun mai wanki."

Metir ya mayar da murfin fentin. Jerin ƙarshen nan ba a taɓa rubuta shi ba. Mun ci gaba da zama na ɗan lokaci, amma duk wanda ya ɗauko gardamar garaya da fiyano sai maganar ta mutu a bakinsa. A hankali benci biyu ya koma ɗaya. Allin da ke bayan ƙyaure ya dinga goguwa da kafaɗun masu shiga da fita, ban sabunta ba.

Bayan wata shida ko bakwai ya zo mini da safe, ina buɗe shago. Ya ce ya sami aikin babbar mota a Ngawundere, sallama ya zo yi. Na shimfiɗa masa dadduma ya ƙi zama. Ya yi ta juya hularsa a hannu, na ga akwai magana a bakinsa. Da ƙyar ta fito. Ya ce kalmomin da ta faɗa yana riƙe da su, ba za su ɓace masa ba. Sautin ne ya fara guje masa. Idan ya nemi ya ji ta a kansa, sai ya ji muryar kansa tana faɗin maganarta.

"Patron, kowa ya ce babu mai kunne irin naka a garin nan," ya ce. "Kai ma ka ji ta ranar. Muryarta siririya ce, ko tana da ɗan kauri? Dariyar kuma, sama take tafiya ko ƙasa?"

Ni da zan iya gaya maka inda mai kalangu ya makara a waƙar da aka yi shekara talatin baya, na lalubi kaina ban sami komai ba. Abin da na tuna shi ne muryata, da dariyar majalisa. Na so in yi masa ƙarya, in ce siririya ce mai daɗi, ya tafi da ita. Sai na ji tsoron kada in sake ɗora wani abu nawa a kan abin da ya rage masa.

"Ban saurara ba, Malam," na ce. "Magana nake yi."

Ya gyaɗa kai. Ya taɓa aljihun ƙirjinsa, na hango bakin hankicin nan, ashe har yanzu yana yawo da kaset ɗin. Ya ga inda idona ya kai, ya ce ai zaren dai shi ne, ta taɓa bi ta kansa. Ya ba ni hannu muka yi sallama, ya tari moto ya hau. Ban sake ganinsa ba, ban kuma sake jin labarinsa ba.

Mawaƙiyar ta rasu bayan 'yan shekaru. Samari sun yi ta jera waƙoƙinta a waya suna gardama irin tamu, wasu har gida suke biyo ni wai in raba musu. Nakan ce musu ba ni da jeri. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, idan mutum ya riƙe wani abu da na raina, akwai abin da yake ji a ciki wanda ni ban ji ba, kuma ba zan ji ba muddin bakina yana buɗe. Na kuma koyi cewa ba a gyara wa mutum abinsa sai an tambaye shi ko ya lalace. Bawan Allah nan abu ɗaya ya roƙe ni, kada in taɓa komai, na ce masa to.